Takardar Asibitin Imurana

Maamobi, Accra

Zuwa ga ƙanena Imurana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka da sauƙi, ya ɗauke maka ciwon ƙafar nan da sanyin ƙasar Sabiya. Mu lafiya lau, Mma ma ciwon gwiwarta ya lafa, ni kuma ina nan bakin titi da tukunyar kokona.

Imurana, ka ba ni haushi. Wata biyar ke nan Kadiri, wanda ya kai ka buga ƙwallo can, yana yawo unguwar Nima yana cewa lalaci ya sa ka gudu daga kulob, ka bi mata da giya. Har gida ya zo ya zauna kan tabarmar Mma ya faɗa mata, yana matse ido kamar mai tausayi. Tun ranar ta kife hotonka ta daina ɗaukar wayarka. Kai kuwa ka yi shiru, sai hoton wata takardar asibiti da yaren mutanen can ka turo min wai in ajiye. In ajiye in yi me da ita, in kaɗa koko?

Na kai ta wa Baba Imoro na Alajo, tsohon likitan dabbobin nan da ya yi karatu a ƙasar tun tana Yugoslabiya. Ya sa tabarau ya bi layi-layi, sai ya ɗora yatsa kan wata kalma, pukla. Ya ce ma'anarta ta fashe, jijiyar dunduniyarka ce ta tsinke a fili ana cikin wasa, ga rana ga sunan kulob ɗin. Ka san tsoho in ya samu mai sauraro. Ya shiga koya min wai tushenta puci, tsohuwar kalma ce da ta yi kama da ƙarar abin da ya fashe, wai puknem na mai magana ne, puknesh naka, pukne nasa. Na ce Baba, ni na ukun nan nake so, na Kadiri, shi ma ya fashe.

Na ɗauko Baba Imoro a tasi har gaban Mma ya maimaita. Sai ta tashi ta ɗaga hotonka ta goge shi da bakin mayafi. Ranar ba ta ci abinci ba.

To ka ji abin da zan yi, kuma kada ka ce in yi haƙuri. Asabar mai zuwa za a naɗa Kadiri sarkin samarin unguwarsu, da rumfa da lasifika. Na buga takardar guda ɗari. In aka ba mata dama su yi fatan alheri, zan karɓi makirfo, Baba Imoro ya karanta, ni in fassara da Hausa da Twi, iyayen da ke shirin miƙa wa Kadiri 'ya'yansu ya kai su ƙwallo su ji. Wallahi sai ya san yadda Mma ta ji a kan tabarmar nan. Na ce mata ta zauna gida, ta ce: "Ni ya yi wa ƙarya har na juya wa ɗana baya, ni zan riƙe takardar."

Inna Awabu da Ganiyu suna gaishe ka. Ka kira Mma ranar Juma'a bayan La'asar. Tun jiya wayar tana ɗaure a bakin zanenta.

Yayarka,
Ruhaina