Fitilar Kaka da rana tsaka

Zuwa ga Kawu Idi,

Ku gafarce ni da na yi karambanin rubuto muku. Ina gaishe ku da ladabi. Yaya jiki, yaya iyali, yaya zaman Abijan? Mu nan Madawa lafiya lau, sai jiran ruwa.

Mushe, malaminmu, ya gaya mana a lakwal za a yi husufin rana, kuma can arewa duhun zai fi yawa. Sai mahaifin ƙawata Rabi ya ɗauke mu a kamiyonsa, ni da ita, muka sauka Ibohamane wurin Kaka, riƙe da gilashin da muka baƙanta da hayaƙi don kallon rana.

Da rana tsaka haske ya dushe, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Rabi tana ta jan hannuna, amma ban dubi sama ba, Kawu. Kaka ce na tsaya ina kallo. Ta kunna fitila, ta ɗauki ƙwaryar fura, ta tsaya bakin ƙofa tana kira: "Auta! Taho gida, dare ya yi!"

Maƙwabciyarta ta raɗa mini cewa ku take kira, kuma haka take yi kowace magariba tun tafiyarku.

Da haske ya dawo, ta hure fitilar, ta dube ni ta ce, "Kin gani, 'yar nan? Yau ma waje ya kwana."

Har yanzu kiran nan bai bar kunnena ba. Ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Don Allah ku zo ta gan ku tun tana iya tsayawa bakin ƙofar.

Ku sa mu a addu'a, ku gaishe mini da Inna Hajo da yara. In kun yarda, zan sake rubutowa in gaya muku yadda take.

'Yarku,
Zainabu