Raken Kaka da Ke Cikin Bokitinka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, kamar yadda muke nan. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Inna tana nan garau, sai faɗa da kaji. Baba kuwa gwiwar nan ce ta sake tashi ta zaunar da shi a zaure, amma yanzu yana takawa da sanda har bakin gona. Auta ta fara koyon ɗinki wurin maigidana, allurai dai suna shan wahala.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne maganar baƙin raken nan na Kaka. Ka san labarin da Baba ba ya gajiya da ba mu, wai ba a shuka rake da ƙwaya, daga hannu zuwa hannu ya ƙetaro teku da daji, kowa ya yanki gaɓa ya binne, ya miƙa wa na gaba. Wai Kaka ma kara ɗaya tak ya samo wurin fatake, ya dogaro shi kamar sanda har gida, ya ƙi sha duk da ƙishirwa. Shi ya sa kowace shekara in an zo sara, Baba yake barin kunyar da ke bakin rijiya a tsaye, ita ce iri. Yakan ce raken da muke sha yau shi ne dai wanda Kaka ya riƙe, bai taɓa mutuwa ba.

To bana da Baba ya kwanta, maigidana ya rufe shago ya ce shi zai tsaya a kan saran, don ya fita kunyar suruki. Ka san halin tela, ba ya iya ganin zare yana reto bai datse ba. Da ya ga kunya ɗaya a tsaye sai ya ɗauka lalacin 'yan ƙwadago ne, ya sa aka sare ta aka loda a mota, kawunan kuma ya ba shanun maƙwabta. Bai tsaya nan ba, ya sa garma ta tone gindayen, aka tara aka cinna wuta, don Baba ya tarar da gona fes. Ya dawo gida yana washe baki, yana jiran a sa masa albarka. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Da Baba ya je ya gani bai yi faɗa ba, ya ce gona ta yi kyau, ya juyo. Daga ranar ya rage cin abinci, ni kuma na rasa wanda zan fi tausaya wa, uba ko miji. Mun zagaya maƙwabta neman irin, ashe duk sun koma noman farin raken nan mai tauri. Kawu ya kawo wani yana rantsuwa shi ne, Baba ya gatsa sau ɗaya ya ce a kai wa jaki.

Inna ce ta tuna da kai. Ta ce ranar da za ka tafi ka ɗauki kara ɗaya, Baba yana ta yi maka dariya yana tambaya ina aka taɓa noman rake a gidan haya. Kuma a takardarka ta bara ka ce yana nan cikin tsohon bokiti a bayan ɗaki, har ya fi ka tsawo. Da aka faɗa wa Baba sai da ya ajiye sanda ya yi dariya har da hawaye, ya nemi a ƙaro masa abinci. Don Allah Yaya kada ka bar yara su shanye shi. Ka zaɓi wajen sama, inda idanun gaɓoɓin suke lafiyayyu, ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu, kafin lokacin dashe ya wuce. Maigidana ya riga ya ja kunyoyi, da tef ɗin awo ya daidaita su, ba a taɓa ganin miƙaƙƙu irinsu ba.

Na ce wa Baba za ka iya ba direba ya kawo, sai ya ɗaure fuska. Ya ce raken nan bai taɓa tafiya a hannun baƙo ba, wanda ya ɗauke shi da hannunsa shi zai dawo da shi. Inna ta ce ai ba raken kaɗai ake kewa ba, ya yi kamar bai ji ba. Ni dai gaskiya ina kewarka, shekarun sun yi yawa.

Ka gaida mini Antina da kyau, da Babangida da 'yar baƙar nan mai sunan Inna. Goggo da Kawu da Auta duk suna gaisuwa. Maigidana ma yana gaishe ka, ya ce in ka iso ko ganye ba zai taɓa ba sai an ce ya taɓa. Jiya da safe Baba ya sa Auta ta share ɗakinka, ya ce wai don raken ya sami wuri mai sanyi. Har da sabuwar tabarma ya sa aka shimfiɗa.

Taka ƙanwa,
Matar tela