Dibaga Ta Hana Ni Fita

Malama, don girman Allah ki agaza mini kafin Juma'a.

Ni malamin firamare ne a Soron Ɗinki, shekarata arba'in da bakwai. Daga 'yan takardun da nake saya a bakin titi na koyi rubuta manhaja, ban tsallake shafi ko ɗaya ba. Na rubuta wadda ke tsara layin ɗiban ruwa a burtsatsen unguwarmu. Kowa ya yaba, amma duk ran Alhamis sai sunan gidan Gwaggona 'Yardada ya ɓace. Ta ce wai ita da ta goya ni na mayar mai azumin ruwa.

Sai na ɗauko dibaga, wato manhajar da ke bin aiki layi-layi don gano kuskure. Takardata ta ce ana iya maƙala wa umarni ƙugiya, wani ɗan aiki da zai gudana kafin umarnin. Saboda gudun sakaci na maƙala wa kowanne, har umarnin fita, cewa ya fara nuna mini gidan da ke kan layi. Yanzu idan manhajar ruwan ta gama na ce a fita, sai dibaga ta ce babu wannan gida, ta ƙi. Sau tara ina danne makunnin kwamfutar har ta mutu. Kwamfutar kuwa ta maiɗakina Husaina ce, ta rantse ran Juma'a za ta karɓe abarta.

Mai Neman Mafita, Soron Ɗinki

Malam, kwantar da hankalinka, ba ka ɓata komai ba. Idan ƙugiya ta yi tuntuɓe, umarnin da ke bayanta ba ya gudana. Manhajar ta riga ta gama, babu sauran gidan da za a nuna, shi ya sa ƙofar ta ƙi buɗuwa. Sake rubuta ƙugiyar fita ka bar ta fayau, ka kuma goge tsohuwar daga fayil ɗin da dibaga ke karantawa in ta tashi. Ƙugiyar wurin da dibaga ke tsayawa don ka duba aiki kaɗai za ka bari, a nan za ka kama ɓarawon Alhamis.

Tsantsaninka abin yabo ne, amma Malama Husaina ta fi ka gaskiya. Ka nuna mata dibaga ta fita lami lafiya, sannan ka roƙi ƙarin mako guda. Sunan Gwaggo kuwa, sa biro ka rubuta shi a saman takardar layin ruwa, jarkar farko ka kai mata da hannunka. Allah ya ba da sa'a.