Ƙarfen Sabis a Gonarmu ta Zakka

Zuwa ga ɗana Tayyib,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka can Legas. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarka Hansai ta yi sauƙi, har gidan Mubina ta je suna da kanta.

Dalilin takardar nan, wasu mutum biyu ne suka same ni a rumfa ranar kasuwa, takalmansu sai sheƙi, wai kamfaninsu zai kafa ƙarfen sabis na waya a gonarmu ta garin Zakka. Na ba su benci, na bar su suna ta zuba. Suka ce sabon tsari ne, ba maigadi, ba injiniya mai zuwa kan babur. In ya lalace shi zai gano ciwonsa ya gyara kansa, duk daga wata na'ura. Na tambaye su wa ke riƙe da na'urar, suka ce ai ba kowa. To, shekara talatin ina awon hatsi, duk ranar da dillali ya ce mani buhu ba shi da mai shi, mai shin na nan gefe yana saurare.

Ka tuna shekarar da aka rufe mana sabis saboda 'yan bindiga. Da, kafin in loda mota zuwa Safana sai in kira direba in ji ko hanya lafiya. Watanni muka yi muna tafiya a makance, amma ko a lokacin mun san ƙofar da za mu kai kuka. Ƙarfenmu na yanzu in ya ɗauke, na san Sadiq mai kawo wa janaretansa mai, in saya wa Sadiq ɗin tsire, kafin la'asar sabis ya dawo. Wannan kuwa wa zan saya wa tsire?

Alhamis mai zuwa suke son in sa hannu. Na ce masu gonar gado ce ba a raba ba, sai an ji ta bakin Hansai, ita kuma sai abin da ɗanta ya ce. Da na faɗi cewa irin aikin nan kake yi, ƙaramin cikinsu ya daina murmushi. Don haka ka binciko mani abu ɗaya: ranar da na'urar ta yanke mu, wane ɗan Adam ne zai iya mayar da mu, kuma ina yake zaune? In ba ka samo suna ba, gyaɗa zan shuka a wurin.

Ka gaida matarka Ramlat da jikar tawa Yasmin. Kande da Hussaina na gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne kawunka,
Armaya'u, Batsari