Tsutsar da Ka Sa Muka Kiwata a Cikin Rabi

Zuwa ga mai kemis na bakin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, wanda ake kira Dakta yana amsawa.

Assalamu alaikum. Ya ciniki? Na san lafiya lau, tunda ciwo ba ya hutu.

Ni ne mai robobin nan na kasuwar Tarauni, mahaifin Rabi, yarinyar da ke da ciwon sukari irin na yara, mai shan allura safe da yamma.

Na ɗaya. Kai ka ja ni cikin shago, ka miƙo mini wata takardar Turanci. Ka ce garkuwar jikin Rabi ce ke cin jikinta, in akwai tsutsa a ciki sai garkuwar ta koma kanta ta ƙyale yarinya. Don haka a rage allura, a hana ta maganin tsutsa, ta yi yawo ba takalmi, ta ci latas ba wanki. Shekara ashirin ina gane fasasshen bokiti da ƙwanƙwasa ɗaya, amma wannan na saya. Kukanta in ta ga allura ne ya rufe mini ido, kai kuma ka sani.

Na biyu. Ta rame, ta yi ta amai, ta sume a tsakar gida. A asibiti likita ya karanta takardar taka har ƙarshe. Ashe a kan ɓeraye aka yi gwajin, kuma tun ciwon bai kama su ba. Wanda ya riga ya kamu, allura ce ransa. Aji uku na tsaya a sakandare, amma na san bambancin ɓera da 'yata. Shafi na biyu ne ya gagare ka, Dakta? Tunda soja suka koma bariki kowa ya sami bakin magana, kai naka har da farar riga.

Na uku. Maman Gires, malamar nan ta Darmanawa, ta ce a kan ɗanta ma haka ka faɗa mata. Su nawa ne? Ka bi su gida-gida ka janye maganarka yau, kafin a wanke wani.

Rabi ta farfaɗo, sai dai har yanzu da bango take tafiya. Abin da maganin asibiti ya fitar daga cikinta yana nan a kwalba, kiwonka ne, ban zubar ba. Zan kawo maka ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da shagon ke cika. Tunda magani ne, ka sha mu gani.

Allah ya ja kwana. Ranar da ka kwanta ciwo, Allah ya haɗa ka da likita irinka.

Wassalam.
Baban Rabi, mai robobi.