Gindin Laima

Daren Laraba, watan Rajab, shekarar fari.

Tun da iccen bedin tsakar gida, wato dogon yaro, ya bushe, ba ni da inuwa. Ɗana Ilu ya aiko mini babbar laima daga Arlit, amma ba ta tsayuwa sai da gindi mai nauyi.

Da la'asar sai ga maƙwabcina Bukar makanike yana gangaro ƙarfen ƙafar kamyo, babbar motar kaya. Ya ce, "Baba, ga gindi, kyauta ne." Kyauta! Mutumin da ya hana akuyata ruwan rijiyarsa bara.

Da ya fita na kankare baƙin man da ya shafa masa. Kore ne a ƙasa, irin na motar soja. Ga shi sojoji suna bin gida-gida neman hatsin ɓoye. In suka gan shi nan, suka ce na sata ne, wa za su ɗauka? Ni, ba Bukar ba.

Na jawo turmin matata marigayiya Hadiza, na cika shi da rairayi, na kafa laimar. Dama babu geron da za a daka. Ta ɗan karkace, amma ta tsaya.

Kafin asuba zan gangara masa abinsa ƙofar gida. Ya ji daɗin kyautarsa.