Bishiyar Aurensu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara, da ɗalibanka masu gudun lissafi. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na sha ɗaukar waya in kira ka, sai in ajiye, don na san kafin in kai ƙarshe za ka ce Auta ta fara taɓuwa.

Albishirinka, lemon Inna bai mutu ba. Ka tuna bayan rasuwarta da aka rushe layinmu don faɗaɗa titi? Na je daga baya. Gidan babu, dakalin da ke zagaye da bishiyar babu, ita kanta katafila ta karya ta daga ƙasa. Sai ɗan kututture a cikin ɓaraguzai, ya sha ruwan sama ya yi toho. Na tsuguna ina kuka ina yanka, na naɗe a jiƙaƙƙen hankici na kawo wurin aiki. Bishiyar da Inna take cewa, “Wannan ta aurenmu ce da babanku, kowa ya kiyaye ta,” ai ba zan bar ta a ƙarƙashin kwalta ba.

Kai da kake cewa aikina renon ciyawa a kwalba ne, to ga amfaninsa. Na wanke tohon da ruwan bilic, na ciro idanunsa da aska, kowanne ɗan mitsitsi bai kai ƙwayar shinkafa ba, na ɗora a kan abincin kwalba, wato wani daskararren ruwa mai sukari da sinadaran sa toho. Duk suka yi funfuna, ɗaya kaɗai ya rayu. Daga shi nake yanka ina sauya kwalba, yanzu sun cika kanta guda a ɗakin raino. Farfesa, shugabanmu, yana gani yana kau da kai.

Dokar aikin ita ce ba a magana a gaban buɗaɗɗiyar kwalba. Ko da takunkumi a bakinka, numfashi kaɗai ya isa ya kai cuta. Akwai abokiyar aikina da muke kira Sarkin Tsabta, ko atishawa ka yi a baranda sai ta bi ka da feshi. Ka ga ni da surutuna an sami maganina.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ɗakin nan ba taga, sai farar fitila da sanyi da gunjin inji, rana tsaka ma ba ka sani. Duk lokacin da na zauna a teburin iska, wanda ke hura tatacciyar iska don kare kwalabe daga cuta, na buɗe kwalbar lemon, sai in ji mutum tsaye a bayana, dab da kafaɗata. In ina kan ayaba ko tazargade ba na jin komai, sai a kan lemon. Hannuna na cikin aiki, ba damar waiwaye. In na rufe na juya, ba kowa.

Na ce Inna ce, har na yi murna. Amma Yaya, Inna da shiru? Matar da take hira da tukunya in ba ta sami mutum ba? Kullum ina kasa kunne in ji ta ce, “Auta, kin ci abinci kuwa?” Ko uffan. Shirun nan ya fi tsayuwar damuna, sai nake ganin kamar fushi take yi da ni.

Ka gaishe da kowa. Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso, kuma kowa yana lafiya. Ɗalibaina ba gudun lissafi suke yi ba, tafiya suke yi a hankali ta wata hanyar.

Na karanta batun lemon a ɗakin malamai, dole na tashi na fita waje. Ni ban iya zuwa ganin kangon ba, har yau ina canza hanya in na zo kusa. Allah ya yi miki albarka. Na gaya wa yara, ƙaramar tana tambaya ko da gaske ne ba a taɓa shan lemo mai zaƙinsa ba. Na ce mata da gaske ne, ɓawonsa siriri, ruwansa har gwiwar hannu.

Game da ɗaya batun, ina ba ki shawara a matsayina na babba. Wanda ya rasu ya tafi ga Ubangijinsa, ba ya tsayawa a bayan kowa. Kina wuni a ɗakin sanyi ba rana ba magana, ga kewa. Ko ni aka sa a wurin zan ji abin da ya fi haka. Inna ba ta fushi da ke, ba ta taɓa iya yin fushi da ke na tsawon wuni guda ba, mu ne muka sha wannan. Ki yi mata addu'a, ki riƙa fitowa kina shan iska.

Sannan ina ganin renon ya isa haka. Bishiya ba ta tsufa a kwalba. Ki yi abin da kuke yi su yi saiwa, ki fito da su, ki kawo mini ɗaya in dasa a tsakar gidana. In mun ga ganyenta a rana, ina sa ran hankalinki zai kwanta.

Antinki tana gaishe ki, ta ce kin rame a hoto. Ki huta lafiya.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri.

Na bi maganarka. Na mayar da su kan abincin da ke sa saiwa. Lemon zaƙi an san shi da ba da wahala a wannan matakin, amma waɗannan kamar jira suke yi, saiwa fara sol ta cika gindin kwalba. Na yi ta murna. Sai sabon ganye ya fara fitowa ja-ja. Ka taɓa ganin jan ganye a bishiyar Inna? Ni ban taɓa ba. Ƙaya kuma ta fito, na ce ba komai, ƙaramin lemo yakan yi ƙaya. Sannan na ciro ganye ɗaya na murje a yatsa na kai hanci. Yaya, ba ƙamshin gidanmu ba ne. Tsami ne mai kaifi, irin mai sa yawu ya tsinke.

Na ce ko yawan yanka da sauya kwalba ne ya juya musu hali, yakan faru. Na roƙi Sarkin Tsabta ta yi musu gwajin ƙwayar halitta, ta gwada da ganyen lemon zaƙi. Da sakamakon ya fito ta same ni a wurin wanke kwalabe, ta ce, “Ƙawata, zauna tukuna.” Na ce ta faɗa kawai. Ta ce, “Wannan ba juyewa ya yi ba. Tun asali ba lemon zaƙi ba ne.” Na ce ko musanya aka yi. Ta ce, “Da me? Duk ginin nan ba wani lemo sai naki.”

Da hannuna na yanko shi daga kututturen Inna. Wurin ba zai ɓace mini ba, ga ragowar simintin dakalin a gefe. To me nake reno duk tsawon lokacin nan? Wa nake yi wa kuka?

Ban so in gaya maka sauran ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa. Shekaranjiya da hantsi ina teburin iska, kwalba a buɗe, hantsaki a hannu, sai na ji gyaran murya daga bakin ƙofa. Sau biyu, ƙasa-ƙasa, irin na mai neman izinin shigowa. Muryar namiji ce, babba. Sannan tsayuwar nan ta dawo bayana. Na gama, na rufe, na juya, ƙofa a rufe take. Na fita na tambaya, aka ce maza duk suna wurin taro tun safe. Tsoro nake ji, Yaya, ba irin na da ba. Da ina cewa uwata ce. Yanzu ban san wa na ɗauko daga kangon gidanmu ba.

Farfesa kuma ya ce yana bukatar kantar kafin ƙarshen wata, za a faɗaɗa binciken tazargade na maganin zazzaɓi. Gaskiyarsa ce, ya ma yi haƙuri da ni. Abin da ba a so a nan, tukunyar turiri ake sa shi ta dafe shi a zubar. Na yanke shawara can za su, dukkansu. Ka ba ƙaramarka haƙuri, ka ce mata Auta ta sa mata ran abin da ba ta da shi.

Ka sa ni a addu'a.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Kada ki sa su a tukunya. Na kira wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan ya kawo miki hannu da hannu. Gaisuwar sai daga baya.

Da na karanta takardarki ta fari, murna ta hana ni lura da inda kika ce kin yanko. Yanzu na gane. Ke kin taso kina jin Inna tana cewa bishiyar aurensu ce, kin ɗauka ranar aurensu aka dasa ta. Ba haka ba ne, da wayona aka yi ta. Aure irin na masu lambu take nufi, wanda ke kin fi ni saninsa. Bishiya biyu ce a jiki ɗaya.

Baba ne ya shuka ƙwallon wani lemon tsami mai kaushin ɓawo a tsakar gida, ya rene shi har ya kai kaurin yatsa. Da kakanmu ya rasu, Inna ta je ta'aziyya ta dawo da ɗan reshe daga lemon zaƙin gidansu, tana kuka wai za a sare shi. Baba ya karɓa, ya tsaga nasa dab da ƙasa, ya sa nata ya ɗaure. Ina tsaye ya ce mata, “Ke ce sama, ni ne ƙasa. Ki yi ta zaƙinki, ni zan riƙe.” Inna ta share hawaye ta ce, “Dama tsamin ya dace da kai.” A iya sanina wannan ce magana mafi tsawo da na ji ya yi mata a gabanmu.

Lokaci-lokaci toho yakan ɓullo daga gindin, ja-ja, mai ƙaya. Sai Inna ta karye shi tana dariya, ta ce, “Ga babanku nan yana son ya sa baki.” Bayan ya rasu ta daina dariyar, ta sa aka gina dakalin ya rufe gindin har da tabon ɗaurin. Kina rarrafe a lokacin. Ba yadda za a yi ki sani, kuma ban taɓa tunanin abin faɗa ba ne.

Don haka na Inna ya tafi, Auta. Katafila ta tafi da shi tun kafin ki je, ba abin da za ki iya yi. Na zauna da wannan maganar tun jiya, tana yi mini ciwo kamar sabuwar rasuwa. Abin da ya rage a ƙasa, wanda ya yi toho kika ɗauka, na Baba ne.

Yanzu batun gyaran muryar nan. Ni malamin lissafi ne, kuma ina nan a kan abin da na faɗa miki game da waɗanda suka rasu. Ba zan ce miki ga abin da kika ji ba. Abin da na sani kawai zan faɗa. Baba bai taɓa shiga ɗaki ba tare da ya yi gyaran murya sau biyu a bakin ƙofa ba, ko da ɗakinsa ne. In ina aikin makaranta yakan zo ya tsaya a bayana, hannunsa a baya, ba zai ce komai ba har in gama. Ina yaro na ɗauka laifi yake nema. Sai da na haifi nawa na gane kallo kawai yake yi, yana jin daɗi.

Inna tana da cikinki ya kwanta ciwon ajali. Yakan ce shi dai burinsa ya ga abin da za a haifa. Bai gani ba.

Sauran shawara taki ce. Amma don Allah ki ƙara kwana a kanta.

Yayanki

*

Yayana,

Assalamu alaikum, ina gaishe ku duka. Farfesa ya sami kantarsa. Na fito da su, na wanke saiwar, suna cikin ƙananan tukwane a ƙarƙashin leda suna koyon shan iska. Wasu sun yi yaushi, yawancinsu sun miƙe. Na yi wa Inna kukana na gama, ko in ce na rage.

Da na buɗe kwalbar ƙarshe, aka yi gyaran murya, aka zo aka tsaya. Na yi aikina a hankali yadda za a gani da kyau. Da na gama ban juya ba. Na sauke takunkumi na ce, “Sannu da zuwa, Baba. Ni ce Auta.” Ban taɓa kiran kowa da sunan nan yana nawa ba. Sarkin Tsabta ta leƙo ta ce da wa nake magana a ɗakinta. Na ce da babana, ta ja ƙofar a hankali.

Ka haƙa rami inda rana take samu, ina tafe da ɗaya. Kuma kada ka yi masa aure da kowa. A bar shi ya yi nasa 'ya'yan, duk tsaminsu ina so in ɗanɗana.

Ƙanwarka,
Auta